Ba saun kad ɗin ne ya mutu ba, yaro

Ka turo mini cewa in ka kunna waƙa ta saun kad ɗin da ka jona da laftof, wato na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta ta kuma fitar da shi, sauti sai ya riƙa tsatsagewa yana ƙas-ƙas, wai ko a sayi sabo. Da kuɗin wa? Ku yaran yanzu, abu bai gama tari ba kun ɗauko masa likkafani.

Ƙara iri-iri ce, ka koyi saurare. In gurnani ne mai kauri da ba ya yankewa, daga wuta yake, don tamu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita kake ji a sifika. Zare caja ka bar laftof kan batir, in ya yi shiru ka kama ɓarawon. Amma ƙas-ƙas irin naka yawanci bafa ce ta yi ƙanƙanta, wato ɗan guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta tura. Kun ga ana sa 128 a YouTube kun kwaikwaya, alhali wannan na lokacin ɗaukar murya ne, don rage jinkirin sauti. Mai sauraro ina ruwansa da jinkiri? Kai ta 512 ko 1024. Sannan ka duba saitin sample rate, wato sau nawa ake auna sauti a daƙiƙa, kada Windows na kan 48,000 aikinka na kan 44,100, ka daidaita su, ka sa direban ASIO na kamfanin da ya ƙera kad ɗin, wato manhajar da ke haɗa kad da kwamfuta. 

Abin da ya sa ma na zauna amsa maka shi ne wani mutum da har gobe in na tuna shi raina ke ɓaci. Ya zo da babbar riga da turare, ya karɓi hayar kad ɗina zai haɗa waƙar biki a unguwar Mabera ta Sakkwato. Ya ba da rabin kuɗi. Washegari sai ga shi da dattawa biyu, wai na ba shi mataccen kaya, sauti duk ya farfashe, na kunyata shi gaban surukai. Na ce a jona a gabana, ya ce laftof ɗin na gida. Dattawan nan suka ce in yi haƙuri, mutunci ya fi kuɗi. Don girman furfura na mayar masa da rabin da ya bayar, ragowar kuwa ko a mafarki.

Yana fita na jona kad ɗin a tawa kwamfuta, sauti garau. Daga baya yaronsa ya faɗa wa nawa yaro gaskiya: a ɗan mahaɗin USB mai baki huɗu ya cusa shi, ga waya na caji a baki ɗaya, ga 'yar fanka a ɗayan. Bakin USB 2.0 rabin amfiya kawai yake bayarwa, ka raba shi uku, me zai kai ga kad? Da suka gane suka jona shi kai tsaye, aiki ya yi kyau tun daren. Ranar bikin ina wucewa a babur na ji waƙar na tashi, tas da ita. Ya ci aikin, ya ci kuɗina, ya ƙara da ɓata mini suna, kuma har yau muna haɗuwa a ɗaurin aure yana miƙo mini hannu.

Shi ya sa kake ganin ba na barin kaya ya fita shago sai an kunna shi gaban mai haya da shaida.

Tau, naka ma jona shi kai tsaye da gajeren kebul mai kyau. Kuma ka daina ɗora laftof kan katifa. Zafin Sakkwato a Afrilu ya wuce 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, in ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu, sauti ya fara yankewa. In duk ka yi bai daina ba, kawo shi gobe bayan La'asar, ka haɗo da cajar.