Zauren Harshe: Bin Sawu, Tonon Asiri da Labaran Makaranta

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan littattafai suka faɗo, wataƙila don an yi hutu yara suna gida. Na ɗauki waɗanda suka shafi kalma da karin magana, sauran kuma sai wani jiƙon.

Tambaya: Malam, ni malamar sakandare ce a Zariya. Ina son labaran da ake aikata laifi a ɓoye, wani ya yi ta bincike har ya gano mai laifin, musamman idan a makaranta abin ya faru. Me ya kamata a kira irin wannan labari da Hausa? Na ji wasu suna cewa "labarin asiri".

Amsa: Malama, kada ki bi masu cewa "labarin asiri". Duk Bahaushen da ya ji haka, boka zai zo masa a rai, da layu da binne-binne a bakin ƙofa. Gaskiya ne asiri daga Larabci muka samo shi, danginsu ɗaya da sirri, amma da ya zauna a bakinmu sai ya rabu biyu. Akwai asirin da ake yi wa mutum, akwai asirin da ake rufa wa mutum. Wanda ya fassara sunan wannan nau'in labari da "asiri" ƙamus ya buɗe, bai saurari mutane ba.

Ni "labarin bin sawu" nake cewa, ko "labarin bin diddigi". Sana'a ce da muka sani tun kafin a kawo ɗan sanda. Idan an kore shanu da dare, da asuba akwai masu duba ƙasa, su ce nan aka bi, mutum uku ne, ɗaya yana ɗingishi. Abin da mai bincike yake yi a cikin littafi ke nan, sai dai shi sawunsa wasiƙa ce, ko makulli, ko maganar da wani ya faɗa ta saɓa da ta jiya. In kin ce "labarin bincike" ma ba ki yi laifi ba, illa dai bincike ya yi faɗi, har na ɗakin gwaje-gwaje ya shiga.

Amma akwai abin da ya daɗe yana cina game da wannan kalma ta asiri, bari in faɗe shi tunda kin taɓo. Babbar addu'ar Bahaushe ita ce Allah ya rufa asiri. Mutumin kirki a wurinmu shi ne wanda ya ga aibin maƙwabcinsa ya kau da kai. Wanda ya bi diddigi kuwa muna da sunaye marasa daɗi da muke ba shi: mai tonon silili, mai bin ƙwaƙƙwafi, mai sa ido. To shi kuma gwarzon irin wannan labari aikinsa ke nan, tono. Saboda haka marubucin Hausa da zai rubuta shi yana da aikin da Bature ba shi da shi: dole ya gamsar da mai karatu cewa wannan tonon wajibi ne, rufewar ita ce cin amana. A nan ne makaranta ta fi ko'ina dacewa. Yaran mutane amana ne a hannun malamai. Idan kuɗin abincinsu yana salwanta, ko ana sayar da tambayoyin jarrabawa, ko wani yana tsoratar da yarinya da maki, babu mai hankalin da zai ce a rufa. Ga shi kuma makarantar kwana gari ce guda mai ganuwa: ƙofa ɗaya, maigadi ɗaya, ƙararrawa tana faɗin inda kowa ya kamata ya kasance a kowace sa'a. Wanda ba ya wurinsa lokacin da aka kaɗa ta, sai ya yi bayani. Ina mamakin yadda marubutanmu suke kai labari makaranta don kawai saurayi ya ga budurwa a bakin ɗakin lakca, daga nan su fice, ba su ƙara waiwayar wurin ba.

Tambaya: To wane littafi za ka ba mu shawara mu karanta?

Amsa: Wannan daga malamar ne dai, a ƙasan wasiƙarta. A fara da na gida. Chukwuemeka Ike ya riƙe muƙamin magatakardan hukumar jarrabawar Afirka ta Yamma, ya ga fitar tambayoyi ta 1977 da idonsa, ya kuma rubuta Expo '77 a kanta, aka buga a 1980. Bin sawun masu satar jarrabawa ne tun daga farko har ƙarshe, kuma ɗalibanki za su gane kowane hali da ke ciki. Daga Ingila akwai Gaudy Night na Dorothy Sayers, na 1935, wanda ya faru a wata kwalejin mata a Okasford. Ba a kashe kowa ba. Wasiƙun cin mutunci ne marasa sa hannu suke yawo, malamai mata suna zargin juna, kowa na tsoron kada maganar ta fita sunan kwaleji ya ɓaci. Kin ga rufin asirin da nake faɗa, ashe su ma suna da nasu. Sai Cat Among the Pigeons na Agatha Christie, na 1959, a makarantar kwana ta 'yan mata, inda ake tsintar gawar malamar wasanni da dare. Turancinsa ya fi sauƙi, da shi za ki fara wa yara.

Na Hausa kuwa, a tuna cewa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a gaban almajirai aka buɗe shi. Malami ne yake zaune, ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya kwashe labari ya ba su. Ba labarin bin sawu ba ne, amma yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, kuma ya nuna tun ranar farko zauren karatu yana cikin ƙagaggen labarinmu.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Maraɗi: "ƙagaggen labari" ko "ƙirƙirarren labari"?

Amsa: Duka biyun daidai ne, ɗana. Na farkon ya fi daɗewa a azuzuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "nobel".

Tambaya: Baba Malam, a wani labari da nake karantawa a waya an ce wata yarinya "ta taka sawun ɓarawo". Na ɗauka tana bin ɓarawon ne, amma sai na ga ita aka kama.

Amsa: Marubuciyar ta yi daidai, 'yata, ke ce kika juya shi. Ɓarawo ya wuce da dare, ke kuma kin fito da sassafe kin bi ta hanyar, ƙafarki ta hau kan tasa. Masu bin sawu suka biyo, sawun ya kawo su ƙofarki. Wanda ya taka sawun ɓarawo bai ɗauki komai ba, tsautsayi ne ya ajiye shi a inda zargi zai same shi. Duk labarin bin sawu mai kyau yana da irin wannan mutum: yaron da aka gani kusa da ofishin shugaban makaranta, ashe maganin zazzaɓi ya je nema. Idan alamu suka fara taruwa a kan wani sai mu ce biri ya yi kama da mutum. Amma Hausar da ta ba mu wannan ita ce ta ja mana kunne da cewa kama da wane ba ta wane. Tsakanin waɗannan maganganu biyu mai bincike yake tafiya har ya gano bakin zaren.

Na ji daɗi da na ga matashiya ta sa wannan magana a inda ya dace. Sau da yawa abin da nake gani shi ne a jero karin magana uku a layi ɗaya, ruwa ba ya tsami banza, ramin ƙarya ƙurarre ne, rana dubu ta ɓarawo, kamar ana zuba wa miya gishiri da ludayi. Ɗaya ta isa, a bakin wanda ya cancanci faɗinta.

Tambaya: Jami'ai ko jami'o'i?

Amsa: Jam'in jami'a, wurin karatu, jami'o'i ne. Jami'ai ma'aikata ne, jam'in jami'i. Mai cewa "jami'an Najeriya sun shiga yajin aiki" alhali makarantu yake nufi, ya tura 'yan sanda da kwastan gida ba da saninsu ba. Tushen dai ɗaya ne da jama'a da jam'iyya da Jumma'a, wato taruwa.

Tambaya: Malam, malaminmu ya ce "boko" daga kalmar Turanci ta littafi, wato "book", aka samo shi. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, kuma wannan kuskure ya gaji da yawo. Ka gaishe da malaminku, ka ce ya duba ƙamus ɗin Bargery na 1934. Zai tarar da boko a can da ma'anoninsa na asali: yaudara, abin da ba na gaske ba, abin da aka yi don a rufe ido. Tsofaffinmu mata sun san amaryar boko, wadda ake lulluɓawa a kai a maimakon amaryar gaskiya. Mun san biri boko. Waɗannan ba su jira Bature ya sauka da littafinsa ba. Masanin Hausa Paul Newman ya bi sawun kalmar a wata maƙala ta 2013, ya nuna Bahaushiya ce tsantsa. Ko kunne ma ya isa shaida. Kalmar Turanci ta mai dafa abinci, "cook", wadda amonta ɗaya da ta littafi, da ta shigo bakinmu kuku ta zama. Da mun ari ta littafi, buku za mu ce. Kuma me za mu yi da ita, muna da littafi tun zuwan Larabci?

Abin da ya faru shi ne, da aka kawo sabon karatu da sababbin haruffa, malaman zaure suka dube shi suka ce wannan ba karatun gaske ba ne, boko ne. Sunan raini ne ya bi shi har ya zama sunan yanka. Yau farfesa zai ce ni ɗan boko ne, ba ya jin komai, haka harshe yake wanke kalma. Ta ɗaya gefen kuma jami'a ta koma gida ta ɗauko tsangaya, inda ƙolo da titibiri da gardi suke kwana a kan allo, ta sa wa manyan rassanta, har muna cewa Tsangayar Shari'a. Wannan aron ya yi mini daɗi ƙwarai, kuma ina so marubuta su lura da shi. Tsangaya ita ma makarantar kwana ce, da dokokinta da manyanta da ƙananta da abin da ba a faɗa wa baƙo. Ranar da wani ya zauna ya rubuta labarin alaramman da rubutaccen Alƙur'aninsa na hannu ya ɓace daga gafaka, gardi guda ya tashi bin sawu, zan saya in raba wa ɗalibai.

Tambaya: Me ya sa ake cewa makaranta, ba makarantu ba, idan guda ce?

Amsa: Tsarin sunan wuri ne: ma- a gaba, -a a baya. Ƙera, maƙera. Jeme, majema. Karanta, makaranta. Makarantu jam'i ne.

Tambaya: Wani uba daga Kumasi: ɗana yana rubuta labarin makarantar kwana, yana tambaya ko ya rubuta "siniya" da "monita" da "lakcara", ko ya nemi Hausarsu.

Amsa: Alhaji, ya rubuta su yadda yara suke faɗa. Siniya da monita sun zama namu, sun sha ruwan Hausa, babu ɗalibin da zai ce "babban ɗalibi ya aike ni ɗebo ruwa". Inda zan tsawata masa shi ne idan ya bar jimla sukutum da Turanci don a san jarumarsa 'yar jami'a ce. Ya kuma sa ƙugiya a haruffansa. A labarin bin sawu, bambancin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, yana iya zama shi ne shaidar da za a kama mai laifi da ita. In ya gama babi na farko, a turo mini in duba.