Ina son shiga kulob ɗin karate na unguwarmu, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 31, kuma rabona da motsa jiki tun ina sakandare. An buɗe kulob ɗin karate a unguwarmu, suna atisaye da yamma a harabar wata makaranta. Ina son shiga, amma ina tsoron ko na makara. Ban san abin da zan saya ba, ban kuma san yadda zan gane ko malamin ya iya aikinsa ba. Sannan na ga suna rusuna wa juna, abin ya tsaya mini a rai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka makara ba. Sai dai idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, asma ko tsohon ciwon gwiwa, ka fara ganin likita, sannan ka sanar da malamin tun ranar farko.

Kafin ka biya ko sisi, je ka zauna ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Abin da za ka sa wa ido shi ne yadda malamin, wanda suke kira sensei, yake yi da sababbin shiga. Shin ana ɗumama jiki na minti goma zuwa sha biyar kafin a fara naushi da shuri? Yana zagayawa yana gyara wa kowa ƙafa da hannu, ko yana tsaye ne a gaba yana ta ƙirga? Idan ka ga an haɗa ɗan sati biyu da tsohon hannu ana jibgarsa wai don ya yi tauri, to ka nemi wani wurin. Haka idan ana danne mutum da ƙarfi don ƙafafunsa su buɗe, domin ta nan jijiyar cinya ke yagewa. Duba daɓen ma: siminti mai kaushi wanda ya sha rana yana saɓule tafin ƙafa, tunda ba da takalmi ake yi ba.

Ka tambaye shi salon da yake koyarwa, da wanda ya ba shi baƙin bel, wato baƙar ɗamarar da ke nuna ƙwarewa, da ko kulob ɗin yana da rajista da ƙungiyar karate ta jiha ko ta ƙasa. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Karate daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan ya fito, wani malami mai suna Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922, kuma salonsa, Shotokan, yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya. Akwai Goju-ryu da Shito-ryu da Wado-ryu. Akwai kuma Kyokushin, wanda a cikinsa ake duka na gaske a jiki, don haka gara ka san abin da za ka shiga.

Batun kaya ba shi da wahala. Makonni biyun farko wando mai laushi da riga sun isa. Bayan nan ka sayi fararen kayan da ake kira gi, marasa nauyi. Da tsawon mutum ake auna su, kuma auduga tana tsukewa idan an wanke, saboda haka mai tsawon santimita 170 gara ya ɗauki na 180. Ɓangaren hagu na rigar ne ke hawa kan na dama. Safar hannu da robar kare haƙora sai lokacin da aka fara haɗa ka da abokin karawa. Ka yanke farcen hannu da na ƙafa, ka cire zobe da agogo, ka taho da ruwa lita ɗaya aƙalla, kuma kada ka ci abinci mai nauyi sai da tazarar awa biyu.

Darasin kashi uku ne: kihon, wato tushe, kata, jerin motsi da ake haddacewa, sai kumite, karawa da abokin atisaye. Watanni ukun farko kusan duk a kan tushe za su tafi, kuma a nan ne yawancin masu gudu suke gudu, don sun zo da tunanin faɗa sai suka tarar ana ta maimaita taku ɗaya.

Tsayuwar farko ita ce zenkutsu-dachi. Ƙafa ɗaya gaba, gwiwarta a lanƙwashe, ta baya a miƙe da diddige a ƙasa, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinka a ƙafar gaba. Tsakanin ƙafafun, daga hagu zuwa dama, a bar faɗin kafaɗa. Sabon shiga yakan jera su a layi ɗaya, shi ya sa yake tangaɗi. Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne barin gwiwar gaba ta karkata ciki. Gwiwa ta riƙa kallon inda yatsun ƙafa suke kallo, in ba haka ba ciwon gwiwa na nan tafe.

Dunƙule hannu ma sai an koya. Naɗe yatsu huɗu sosai, babban yatsa ya kwanta a waje kan manuniya da na tsakiya, kada ka kuskura ka sa shi a ciki. Da gaɓoɓin waɗannan yatsu biyu ake duka, wuyan hannu a miƙe sambal. Idan ya lanƙwashe, targaɗe ne. Idan dukan ya sauka a gaɓar ƙaramin yatsa, ƙashin bayan hannu na iya karyewa. In kana naushin iska, kada ka miƙe gwiwar hannu har ta ƙure. A shurin gaba, mae-geri, fara ɗaga gwiwa, ka tanƙwara yatsun ƙafa sama, ka buga da tudun da ke ƙarƙashinsu, ka janye ƙafar kafin ka sauke ta. Katar farko a Shotokan yawanci Heian Shodan ce, mai motsi 21, ko da yake wasu sukan fara da Taikyoku Shodan.

Zuwa sau biyu ko uku a mako ya wadatar, da minti goma na bita a gida. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku bayan darasin farko ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, alama ce ta a dakata. Jarrabawar canjin bel takan zo duk wata uku zuwa shida, baƙin bel kuwa yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye. Wanda ya yi maka alƙawarinsa cikin shekara guda kuɗinka yake so.

Game da rusunawa, a wurin Japanawa gaisuwa ce, kuma iri biyu ce: ta tsaye, da ta zaune wadda ake dafa ƙasa a sunkuyar da kai. Ta biyun ce ta fi damun Musulmi saboda kamarta da sujada. Hukuncinta ka tambayi malamin addini da ka amince da shi. Ta ɓangaren kulob kuwa, ka faɗa wa sensei matsayinka kafin darasin farko, a keɓe, ku daidaita a kan wata gaisuwar, misali ka tsaya cak cikin ladabi lokacin da sauran suke yi. Ka kuma tambayi yadda suke tsara lokacin sallar La'asar da Magariba, da ko atisaye yana komawa bayan shan ruwa a watan azumi.