Majiyyaci yana da ta cewa a gwajin magani?

Kin tambaya ko mai ciwon sukari irinki yana da ta cewa a gwajin sabon magani, ko jininsa kawai ake so. Yana da ita sosai. Na zauna a kwamitin majiyyata na wani bincike. Mu muka ce zuwa asibiti sau uku a mako ya yi yawa, aka rage, muka kuma sa aka sauƙaƙa takardar amincewa. Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta shimfiɗa kan binciken lafiya a jikin mutane, bayan gyaran 2024, ta nemi a saurari mahalarta tun daga tsara bincike.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sa hannu ba su karanta ba, suna zaton ba fita. Kina iya janyewa kowane lokaci. Amma kada ki canza maganinki sai kin ga likitanki.