Amsoshin Tambayoyinku: Koyon Harshen Tai a Bankok da Maganin Ƙurajen Fuska Bayan Shekara Talatin

Tambayoyin wannan makon daga 'yan uwa mata suke, waɗanda kasuwanci ko aure ya kai Tailan.

Wata Hajiya daga Kano ta rubuto: "Ina saro tufafi a Bankok, amma kullum da kalkuleta da nuni muke ciniki. Bana zan zauna wata uku. In shiga makaranta ne, ko in ɗauki malama, ko manhajar waya ta isa?"

Hajiya, ki raba kuɗinki gida biyu: aji na safe a watan farko, sannan malama ta ke kaɗai a sauran watanni biyun. Manhaja kuma ki bar ta a matsayin abin bita. Dalili shi ne wahalar harshen Tai ba a nahawu take ba. Aikatau ba ya sauya siga don lokaci, suna ba ya sauyawa don jam'i, babu jinsin namiji da mace a kan kaya. Wahalar tana wajen furuci, shi kuwa furuci sai da kunnen mutum a kusa da ke, mai tsayar da ke ya ce maimaita.

Bahaushe yana da sa'a a nan fiye da Bature. Mun saba da karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa ba ma rikita garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Hausa na da karin sama da na ƙasa da faɗau. Tai na da biyar: waɗannan ukun, da na tsakiya, da mai tashi daga ƙasa zuwa sama. Biyun ƙarshe ne baƙinki, su za ki ba makon farko. Kalmar "maa" da karin tsakiya tana nufin zo, da karin sama doki, da mai tashi kuma kare. Wadda ta fi jefa baƙo cikin wahala ita ce "klai": da karin tsakiya nesa, da faɗau kusa. Direban tasi zai iya ce miki wurin na kusa ki ji kamar ya ce da nisa.

Inda harshenmu ke ba mu matsala shi ne p da f, domin a Hausa ba mu raba su. Tai kuwa sauti uku ta raba: "paa" da leɓe a rufe babu iska (gwaggo), "phaa" da fitar iska (yadi ko zane), da "faa" (sararin sama). Mai sayen yadi dole ta iya na tsakiyar. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinki: idan kin ce "phaa" ta motsa, idan kin ce "paa" kada ta motsa. Ki kuma sani cewa "ph" da kike gani a allunan titi ba f ba ce. Sai sautin "ng" a farkon kalma, kamar a "ngoen", wato kuɗi, wanda shi ma yake son atisaye.

Wajen zaɓen makaranta, Jami'ar Chulalongkorn na da kwas mai tsanani na baƙi, amma an gina shi ne don mai son karatu da rubutu, da jarrabawa da aikin gida mai yawa. Ga mai yini a kasuwa, ƙananan makarantun da ke kusa da tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari (BTS) sun fi dacewa. Kafin ki biya, ki nemi zama darasi ɗaya na gwaji ki lura da abu uku: ɗalibai nawa ne a ajin (idan sun haura goma, bakinki ba zai samu rabo ba), shin malama na gyara karin sauti ko wucewa take yi, kuma shin littafinsu na ɗora alamar kari a kan kowace kalma. Rubutun boko na hukuma da ke kan allunan hanya ba ya nuna kari ko tsawon wasali, don haka ba a koyo da shi. Kada ki biya kuɗin shekara guda saboda an yi miki rangwame. Idan kuma maganar bizar karatu ta taso, makarantar da ke da rajista da Ma'aikatar Ilimi ce ke bayar da takardun, kuma ana bin diddigin zuwa aji.

Abin da za ki gaya wa malamarki shi ne ta fara da lambobi. Nueng, song, sam, si, ha, hok, jet, paet, kao, sip: ɗaya zuwa goma ke nan. Tarko biyu ne a ciki, sha ɗaya "sip et" ne, ashirin kuma "yi sip". Ɗari "roi", dubu "phan", dubu goma kuwa kalma ce mai zaman kanta, "muen", kuma a nan masu sari ke yin kuskure mai tsada. Daga nan sai "tao rai" (nawa ne), "phaeng" (da tsada), "lot dai mai" (za a rage?), "rakha song" (farashin sari), "lo" (dozin). Ana ƙidaya riga da "tua", a ce "suea sam tua", riga uku. Ki rufe kowace magana da "kha", faɗau idan bayani ne, karin sama idan tambaya ce. Maza "khrap" suke cewa. Mai shago ki kira ta "phi", wato yaya, yarinyar shago kuma "nong". Na abinci, "mai sai mu" (kada a sa naman alade) da "mai phet" (ban da yaji), duk da cewa cire naman daga kwano bai mayar da romo halal ba. Ki nemi alamar halal ta Majalisar Musulunci ta ƙasar, ko ki ci a unguwar Nana, wajen Sukhumvit Soi 3.

Wani abu da aji ba ya faɗa da wuri: a kasuwannin tufafi na Pratunam da Bobae mutane na mayar da r zuwa l, ko su hadiye ta. "Arai" (mene ne) sai ki ji "alai", "khrap" ya koma "khap". Ba kunnenki ba ne ya gaza. Ki roƙi masu shagon da kuka saba su riƙa turo miki saƙon murya ta LINE, manhajar da kusan kowa ke amfani da ita a can, ki kai wa malama ku warware tare. Minti ashirin na sauraro kullum ya fi awa uku a ranar Lahadi. Baƙaƙen rubutun Tai 44 kuwa ki bar su sai wata na biyu, amma kada ki bar su gaba ɗaya, domin dokar karin sauti a cikin rubutun take.

Wata 'yar uwa mai shekara 34, da ta bi maigidanta Bankok, ta ce: "Ban yi ƙuraje ina budurwa ba, yanzu sun cika mini haɓa da muƙamuƙi, suna barin baƙin tabo. Na sayi wani mai a kasuwa, fuska ta yi kyau mako biyu, da na daina sai abin ya ninka. Wani asibitin gyaran fata ya ce in biya kuɗin lesa (gyaran fata da hasken na'ura) da ƙwayoyi. Me zan saya?"

'Yar uwa, ki fara da ajiye man nan. Fuska ta yi sumul cikin kwanaki, ta ɓaci da zarar an daina: wannan halin sinadarin steroid ne, irin su clobetasol da betamethasone, da ake zubawa a man bilicin ba tare da an rubuta ba. Yana kwantar da kumburi nan take, amma yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi, ya haifar da nasa ƙurajen. Wasu mayukan har da sinadarin mercury, wanda ke illata ƙoda, kuma dokar Tailan ta hana sa shi a kayan kwalliya. Idan kin yi watanni kina shafawa, ki ga likitan fata kafin ki yanke, domin fuskar na iya yin ja da zafi na makonni.

Ƙurajen haɓa da muƙamuƙi a mace mai shekarunki, masu tashi kafin al'ada, galibi aikin sinadaran jiki ne da ke sa fata fitar da maiƙo. Ba ƙazanta ba ce, kuma dirzar fuska ƙara ɓata ta yake yi. Zafi da gumin Bankok, musamman a Afrilu, suna ƙara wa abin ƙarfi. Ki duba abu biyu. Idan kin fara allurar tazarar haihuwa ta wata uku ko aka sa miki ashanar hannu kafin ƙurajen su ɓullo, ki gaya wa likita, domin suna iya jawo su. Idan kuma al'adarki na tsallake watanni, ga gashi a haɓa, ga ƙiba, to a bincika cutar PCOS, wadda ta shafi ƙwan mace.

Abin saye guda huɗu ne, kuma duk ana samunsu a kantin magani mai lasisi. Ki ce wa mai kantin "siw", sunan ƙurajen ke nan a bakinsu. Na farko sabulun ruwa mai laushi marar turare, safe da dare kawai. Na biyu benzoyl peroxide mai kashi 2.5 cikin ɗari. Yana aiki kusan daidai da mai kashi 10, amma ba ya ƙona fata kamarsa. Ki shafa da safe siriri. Idan ya yi miki zafi, ki bar shi minti biyar zuwa goma ki wanke. Yana kashe launin yadi, saboda haka ki bari ya bushe kafin ki sa hijabi, ki kuma koma farin tawul da farar rigar filo. Na uku adapalene mai kashi 0.1, da dare. Gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ta isa fuska duka, a kan busasshiyar fata, a kauce wa gefen ido da hanci da leɓe. Ba kan ƙurji kaɗai ake ɗiga shi ba, domin aikinsa hana sabbi fitowa ne. Ki fara da dare biyu a mako, bayan mako biyu ki koma dare ɗaya bayan ɗaya, sai kullum idan fata ta karɓa. Na huɗu man riƙe danshi marar maiƙo da man kariyar rana mai lamba 30 ko sama. Baƙar fata ma na buƙatarsa, domin rana ce ke dafa tabo ya ƙi gushewa.

Kada ki fara na biyu da na uku rana ɗaya. Ki sa mako biyu a tsakani. A makonnin farko fuska na iya bushewa, ta yi saɓa, ƙurajen ma su ɗan ƙaru. A nan mata da yawa ke jefar da maganin su koma kasuwa, kuma wannan na damunmu ƙwarai, domin sai an yi mako takwas zuwa sha biyu ake yanke wa magani hukunci. Ki ɗauki hoton fuskarki a wuri ɗaya da haske ɗaya duk mako biyu, madubi ba ya riƙe lissafi. Matsa ƙurji kuma shi ne babban mai kawo tabo a fatarmu. Man gashi mai kauri na gangarowa goshi, hular cikin hijabi da ta sha gumi kuma a sauya ta kullum. Idan ƙurajen ƙanana ne, girmansu ɗaya, masu ƙaiƙayi a goshi da ƙirji da baya, wataƙila naman gwari ne da ke son danshi. Shamfu mai ketoconazole kashi 2, a bar shi minti biyar a wanke, shi ya fi dacewa da su.

Lesa ba ta farko ba ce. A baƙar fata tana iya barin tabon da ya fi na da, idan mai yi bai saba da irin fatarmu ba. Ƙwayoyin kuwa kada ki haɗiyi abin da aka ba ki a leda babu suna. Ki tambayi sunan kowace. Idan doxycycline ce, ana shan ta ne kimanin wata uku tare da na shafawa, da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya nan take, kuma ba a haɗa ta da madara ko maganin ƙarin jini a lokaci guda. Ga irin ƙurajenki, ki tambayi likita game da spironolactone. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mata 410, aka wallafa a 2023, ya nuna amfaninsa a miligiram 50 zuwa 100 a rana, kuma bambancin ya fi fitowa a wata na shida. Ba a shan sa da ciki. Idan kina son likita ba tare da tallan kaya ba, akwai Cibiyar Cututtukan Fata ta gwamnati a titin Ratchawithi, kusa da dandalin Victory Monument. Shayin 'yan Tailan mai sanyi da ke cike da madarar gwangwani da sukari ma ki rage. Ki ce "wan noi", a rage zaƙi.

Tambaya ta uku gajera ce: "Ina neman haihuwa. Ƙawata ta ba ni ragowar isotretinoin ɗinta, in sha?"

A'a, ko ƙwaya ɗaya. Magani ne mai ƙarfi ga ƙuraje masu zurfi, amma yana nakasa jariri a ciki, a zuciya da ƙwaƙwalwa da fuska. Likita ba ya bayar da shi sai da gwajin ciki, da tsayayyen tsarin hana ɗaukar ciki daga wata guda kafin a fara har wata guda bayan an gama. Adapalene da doxycycline ma ki ajiye su. Abin da ya dace da ke shi ne azelaic acid mai kashi 20, wanda ake sayarwa da sunan Skinoren, safe da dare. Yana ɗan tsikari a makon farko, yana rage ƙuraje, yana kuma dusashe tabo a hankali. Benzoyl peroxide a ƙaramin wuri ma likitoci na amincewa da shi. Duk kantin da kika shiga, idan cikin ya samu, ki fara da cewa "chan thong kha", wato ina da juna biyu, kafin mai kantin ya miƙo miki komai.