Yadda jam'iyyar Kristdemokraterna ta Suwidin ta daɗe a wajen majalisa

Ka tambaya me ya sa jam'iyyar Kristdemokraterna (wato Kiristoci 'yan dimokuraɗiyya) ta Suwidin ta yi shekaru da yawa kafin ta shiga majalisa, kuma yaya ta tsira da ƙarancin ƙuri'unta.

An kafa ta a 1964, bayan takaddama kan rage darasin addinin Kirista a makarantu. Lewi Pethrus, jagoran cocin Fentikos, na cikin waɗanda suka assasa ta. A zaɓen farko kashi 1.8 cikin ɗari kawai ta samu.

Babban cikas shi ne doka: tun daga 1970, sai jam'iyya ta kai kashi 4 a faɗin ƙasa kafin ta shiga rabon kujeru. Mutane na gudun kada ƙuri'arsu ta tafi a banza, ga kuma kallon da ake mata na jam'iyyar 'yan coci zalla. Alf Svensson, wanda ya karɓi shugabanci a 1973, ya yi haƙuri matuƙa. A 1985 ya haɗa kai da jam'iyyar Centerpartiet, ya shiga majalisa shi kaɗai. Sai a 1991 ta tsallake da ƙarfinta, da kashi 7.1, har ta shiga gwamnatin Firaminista Carl Bildt. A ganina, abin da ya cece ta shi ne komawa maganar iyali da kula da tsofaffi, wanda ya kai ta kashi 11.8 a 1998.

Idan ta kusa faɗuwa, wasu magoya bayan jam'iyyar Moderaterna, abokiyar ƙawancenta, kan ara mata ƙuri'a don kada ƙawancensu ya rasa rinjaye. Ebba Busch ke jagorantarta tun 2015.