Tambayi Masta: Wane Littafi Zan Fara da Shi Kafin In Haɗa Fedal ɗin Jita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Masta. Ina kaɗa jita a wata ƙungiyar hailaif, muna zuwa bukukuwa a unguwannin Nima da Mamobi a Accra. Fedal ɗin da ake takawa a sauya muryar jita ya fi ƙarfin aljihuna, shi ne nake so in koyi haɗa nawa. Wani abokina injiniya ya ce in sayi The Art of Electronics. Turancina na sakandare ne, lissafi kuwa sai a hankali. In saya? Daga ƙaninka a Mamobi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Littafin da abokinka ya ambata, na Horowitz da Hill, babu mai raina shi. Tun 1980 injiniyoyi ke sha daga gare shi, bugu na uku da ya fito a 2015 kuma ya haura shafi dubu. Amma ba a ɗora wa ɗan koyon keke tirela. Za ka karanta babi ɗaya, ka ajiye, jitarka kuma tana nan yadda take.

Abu biyu kake bukata daga littafin farko: ya koya maka karanta zanen haɗin kayan lantarki, ya kuma sa mitar auna wuta a hannunka. Wanda ya fi yin haka a wurina shi ne Getting Started in Electronics na Forrest Mims, na 1983. Shafi 128 ne kacal, da hannu aka rubuta shi aka zana shi, Turancinsa ba zai sa ka neman ƙamus ba. A nan za ka gane aikin rizista mai rage gudun wuta, da abin da ya sa kafasita ke tare wutar batir ta bar sautin jita ya wuce, da yadda transista ke ƙara ƙarfin sigina. Lissafin da za ka riƙe gam shi ne dokar Ohm da ake lissafa wuta da ita, ninkawa ce da rabawa. In ka samu Make: Electronics na Charles Platt, wanda ya fara fitowa a 2009, shi ma ya yi, har ya fi hotuna, sai dai can gaba ya karkata ga abubuwan da ba ruwan mai jita da su.

Littafi na biyu da za ka nema shi ne na makaɗa zalla, Electronic Projects for Musicians na Craig Anderton, wanda ya fito a 1975 aka sabunta shi a 1980 da ayyuka 27. Bayaninsa kan dalma, da jeren waya, da maganin gurnanin da ke shiga lasifika har yau ban ga na biyunsa ba. Amma a kula. Da yawa daga zanensa batir biyu suke ci, alhali yawancin fedal na yanzu batir ɗaya ne mai bolt 9. Wasu kayan kuma, irin su RC4739 da CLM6000, an daina yin su. Ka zaga Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra, tun safe har la'asar, sai dai ka dawo da ƙishirwa. Karanta shi don ka fahimci dalili, kayan kuwa ka nemi na zamani, kamar cif ɗin ƙara ƙarfin sigina TL072 ko 4558.

Kada ka jira sai ka sauke littafi sannan ka taɓa waya. Sayi allon nan mai huji-huji da ake gwada haɗi ba dalma, ka haɗa fedal ɗin da ake kira Fuzz Face, wanda ya fito a Landan a 1966: transista biyu, rizista huɗu, kafasita uku, maƙunnin juyawa biyu, shi ke nan. Na asali da transistan da aka ƙera da sinadarin jamaniyam aka yi shi, kuma za ka ji Turawa suna ta kuranta shi. Su suna da sanyi. Jamaniyam ba ya shiri da zafi, sautin da ka daidaita a ɗaki zai sauya maka ƙarƙashin rumfar biki da azahar. Ɗauki na silikon, BC108 ko 2N3904, ka bi zanen da aka yi dominsu.

Batir kaɗai za ka yi aiki da shi a yanzu. Wutar gidanmu bolt 230 ce, cikin amfilifaya kuma akwai kafasitocin da ke riƙe wuta ko an cire filogi, don haka kada ka buɗe shi. Ranar da za ka sayi adafta, duba alamar da ke jikinta: yawancin fedal tsakiyar filoginsu nagatif ne, saɓanin adaftocin rediyo da ke zube a kasuwa, kuma in ka sa wa fedal adaftar da alamarta ke a juye za ka ji ƙauri.