Tambayoyinku: Igiyar caja da ke tsinkewa a wuya

Tambaya: Malam, duk igiyar cajar da na saya a wuya take lalacewa, dab da inda ake soka ta a waya. Jabu ake sayar mini?

Amsa: Kafin ka zargi mai sayarwa, dubi hannunka. Na san halin irinku: kana kwance, waya a jone, ka dangwara gindinta a ƙirji, igiya a tanƙware har barci ya ɗauke ka. Siraran zaren ƙarfen da ke ciki gajiya suke yi. Lanƙwasa ɗaya ba ta karya su, amma kowace na ƙara wa wata 'yar tsaga tsawo, har zaren ya rabu.

Wannan cuta ko manyan wayoyin lantarki na kan turaku ba ta bar su ba. Da alminiyom ake yin su, galibi a murɗe shi a kan zuciyar baƙin ƙarfe, domin nauyin alminiyom bai kai sulusin na jan ƙarfe ba, ga shi yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. Matsalarsa, girgiza komai ƙanƙantarta, in ta daɗe, sai ta ci shi. Iska mai laushi ma ta isa: tana kaɗa wayar sau da yawa a daƙiƙa guda, zaren na gugar juna a wurin maƙalli, su yi ta tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci na ciki da ido ba ya gani. Shi ya sa ake rataya 'yan ƙarafan nan masu kai biyu kusa da turke, su shanye girgizar. Injiniya George Stockbridge na Amurka ne ya yi musu rajista a 1928.

To, in wayar da injiniyoyi suka auna tana buƙatar kariya a wuyanta, ina ga igiyarka? Kama kan caja ka zare, kada ka fizgi igiya. Naɗe ta sako-sako. Kuma ka guji masu arhar banza, wasunsu alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ni mai kai a karkace nake saya, ita nake ba kowa shawara.

Tambaya: Tawa sai na murɗa ta take caji. In naɗe ta da salatif?

Amsa: A'a, Hajiya. Zaren ciki ya riga ya tsinke, wurin zai riƙa zafi. Sauya ta yau.

Tambaya: Kwamfutata ta daina ganin firinta.

Amsa: Kashe duka biyun ka kunna. In ta ƙi, sauke sabuwar direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta, daga shafin kamfanin firintar.